Ku Tambaya, Mu Amsa: Abin da Laburare ke Yi wa Yaro da Babba

Wasiƙun wannan wata sun karkata ne ga laburaren gwamnati, wato ɗakin karatu na jama'a, da irin shirye-shiryen da ake yi a cikinsa. Ma'aikatan laburare da malaman yaƙi da jahilci da ke taimaka wa wannan fili ne suka ba da amsoshin. Mun taƙaita wasu tambayoyin, mun kuma haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Ina da yara biyu, ɗan shekara 5 da 'yar shekara 9. Dogon hutu ya ƙarato, ba na so su wuni a kan waya. An ce in kai su laburare, ni kuwa a sanina wurin masu shirin jarrabawa ne, ba a son hayaniya. Akwai abin da za su yi a can?
Daga wata uwa a Fagge, Kano

Amsa: Akwai, Hajiya. Manyan laburaren jihohi, irin na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello a nan Kano, sukan ware sashen yara daban da ɗakin manya, kuma a can ba a hana magana. Sai dai kada ki kwashi yaran tun ranar farko. Ki fara zuwa ke kaɗai, ki nemi mai kula da sashen yara, ki tambayi ranar da ake karanta wa yara labari, da abin da ake bukata wajen rajista. Yawanci ƙaramin hoto ne guda biyu da ɗan kuɗin kati, amma kowace jiha da tsarinta. Ki leƙa banɗaki, ki ga ko akwai ruwan sha. Rashin waɗannan biyun ya fi rashin littattafai korar iyaye.

Yaranki ba aji ɗaya za su shiga ba. Ɗan shekara 5 yana cikin rukunin 'yan 3 zuwa 6, waɗanda ake yi wa zaman labari. Zaman da aka tsara da kyau ba ya wuce minti 30. Ana shimfiɗa tabarma, yara su zauna kamar rabin da'ira, mai karatu ya zauna a 'yar kujera ta ƙasa, ya riƙe littafin a gefen kafaɗarsa hotunan na fuskantar yara. Idan ya ɗora littafin a cinya yana karanta wa kansa, cikin minti biyar na baya za su miƙe su taho ganin hoto, zama ya watse. Yara 15 sun ishi mutum ɗaya, shi ma da mai taimaka masa wajen kai wannan banɗaki da rarrashin wancan. Gajerun littattafai biyu ake karantawa, a raba tsakaninsu da waƙa ko kacici-kacici, a rufe da tatsuniya ta baka. Da an ce "Ga ta nan, ga ta nanku" suka amsa "Ta zo mu ji ta," an kama hankalinsu ke nan. Ba a rasa yaron da zai ce kakarsa ta hana tatsuniya da rana. A gaya masa wannan ta makaranta ce, a ci gaba.

Abin da ya fi kashe irin wannan zama shi ne a mai da shi darasi. Da an fara "tashi ka maimaita," ko aka ɗauko bulala, yaro ya gane makaranta ce ta biyo shi hutu, mako mai zuwa sai ya ce cikinsa na ciwo. Na biyu shi ne a karanta da Turanci zalla ga yaran da Hausa kawai suke ji. Mai karatu nagari yakan nuna hoto, ya ba da labarin da Hausa, ya tsinto kalmar Turanci biyu ko uku su faɗa tare. Na uku kuwa canza rana. Idan an ce Asabar ƙarfe 10, to ta zama Asabar ƙarfe 10 ko yara huɗu ne suka zo, domin uwar da ta biya kuɗin adaidaita sahu ta tarar an ɗage ba ta sake dawowa.

'Yar shekara 9 kuma shirin karatun hutu ne ya dace da ita. Ana ba kowane yaro kati mai gurbi shida, littafi ɗaya a mako har mako shida. Idan ta dawo da littafi, ta faɗa wa ma'aikaci labarin cikin jimla uku ko ta zana abin da ya fi burge ta, a buga mata hatimi. Wajen zaɓen littafi, ta buɗe shafi ɗaya a tsakiya ta karanta, tana lanƙwasa yatsa duk inda ta ci karo da kalmar da ba ta sani ba. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya yi mata nauyi, a sauya. Mu a ganinmu kyauta ta zama ga duk wanda ya cika katinsa, ba ga wanda ya fi yawan littattafai ba. Inda ake gasar yawa, yara sukan kwashi sirara su dawo da su ba tare da sun buɗe ba.

Lokacin da ya fi dacewa da yaranmu shi ne hantsi, daga 10 zuwa 12, saboda Islamiyya da yamma, ko kuma Alhamis da ake hutun allo. Hutun kan faɗo a tsakiyar damina, don haka ki tanadi leda mai kauri ta saka littafin aro.

In kin je kin tarar ba a yin komai, kada ki juya. Ki samu iyaye kamar goma ku rubuta wa shugaban hukumar laburare takarda, ku ce kuna neman awa ɗaya a mako a sashen yara, kuma ga mutum biyu a cikinku da za su riƙa karantawa kyauta. Sau da yawa ɗakin yana nan, littattafan suna nan, wanda zai nema ne babu.

Tambaya: Zan rubuta JAMB, ban taɓa zama gaban kwamfuta ba. Masu shago na neman kuɗin da ba ni da shi. Laburare zai taimaka?
Daga wani matashi a Gusau

Amsa: Zai taimaka, ɗan'uwa, in laburaren garinku yana da sashen kwamfuta mai aiki. Ka je ka gani da idonka, ka tambayi awowin da ake samun wuta, domin su ne ainihin awowin sashen, ba waɗanda aka rubuta a ƙofa ba.

Tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin darussa uku da ka zaɓa. In ka raba, daƙiƙa 40 ke gare ka a kan kowace tambaya. Ba a bukatar ka iya buga rubutu da sauri. Maɓallai takwas ne kawai: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙa aiki, R na komawa in ka danna S bisa kuskure. Zama huɗu ya isa mutum ya saki jiki. A na farko ka koyi kunnawa da riƙe linzamin kwamfuta, wato mouse, da waɗannan maɓallai. A na biyu ka amsa tambayoyi 40 ba tare da agogo ba. A na uku ka yi darasi biyu da agogo. A na huɗu ka zauna awa biyu cur kai kaɗai, ba waya, ba tashi. Manhajojin gwaji da yawa suna aiki ba tare da intanet ba, don haka rashin data ba hujja ba ne. A zaman farko mutum biyu za su iya raba kwamfuta ɗaya, amma a na ƙarshe sam, domin abin da ake gwadawa a nan shi ne yadda kake rabon lokaci.

Hattara da abu biyu. Laburare wurin gwaji ne, rajista kuwa sai a cibiyar da JAMB ta amince da ita, da lambarka ta NIN da layin wayarka na kanka. Kada ka yi amfani da layin wani, domin duk saƙonnin da za su biyo baya can za su tafi. Sannan duk lokacin da ka buɗe imel a kwamfutar jama'a, ka fita daga ciki kafin ka tashi, kada kuma ka amsa wa na'urar ta adana kalmar sirrinka.

In kuna da abokai, ku haɗu ku biyar ko shida ku nemi a ba ku wani lungu ko zauren taro don bitar tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO. Kada ku yi a ɗakin karatun shiru, nan ne rigima da ma'aikata ke farawa.

Tambaya: Mu ƙungiyar mata ce ta adashi. Da yawa a cikinmu sun sauke Alƙur'ani amma ba su iya karatun boko ba, har saƙon banki sai an karanta musu. Za a iya buɗe mana aji a laburare? Yaya ake yi kada ya mutu kamar na baya?
Daga shugabar wata ƙungiyar mata a Katsina

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da alheri da wannan tunani. Ajin manya na cikin ayyukan laburaren jama'a na asali, kuma Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun shekarun 1950 aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai domin waɗanda suka koyi karatu su sami abin karantawa. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, yau kuma kowace jiha tana da irinta. Hanyar da ta fi ita ce laburare ya ba da ɗaki da littattafai, hukumar ilimin manya ta ba da malama da manhaja da takardar shaida. In kuka tsallake hukumar, za ku koyi karatu amma ba shaidar da mace za ta nuna in tana son ci gaba.

Aji ɗaya kada ya haura mata 25. Kwana uku a mako, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, tsakanin azahar da la'asar ko da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, gwargwadon abin da matan suka zaɓa da bakinsu. Matakin farko yakan ɗauki wata shida zuwa tara. Kayan aiki ba su da yawa: allo da alli, littafin rubutu mai layi da fensir biyu ga kowace, da tabarma a gefe don masu goyo. A nemi yarinya ko dattijuwa ɗaya ta riƙa kula da ƙananan yara. In ba haka ba rabin lokacin zai tafi a rarrashi.

Da Hausa ake farawa. Rubutun Hausa yana bin furuci, don haka da an san wasula biyar, a, e, i, o, u, sai a riƙa haɗa su da baƙi: ba, be, bi, bo, bu. Cikin mako biyu mace za ta karanta "baba" da "masara," ta rubuta sunanta, wannan kuwa shi ke riƙe ta a aji. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, a koyar da su tare da takwarorinsu ta kalmomin da ma'ana ke sauyawa, kamar "kafa" da "ƙafa," ko "baki" da "baƙi" a bakin mai koyo, har kunne ya rarrabe. Matan da suka yi allo suna da jari babba: sun san baƙi da wasali, sun san haɗa su. Malama ta nuna musu cewa fataha ita ce "a," kisira "i," rufu'a "u," bambancin kawai a boko wasalin yana zaune a kan layi, kuma ana tafiya daga hagu zuwa dama. Waɗannan sukan riga sauran da nisa, sai a sa su taimaka wa 'yan'uwansu.

Kin ce na baya ya mutu. Ga abubuwan da suka saba kashe shi. Ana amfani da littafin 'yan firamare mai hoton ƙwallo da kyanwa, uwar 'ya'ya shida ta ji an raina ta. Abin karantawarta ya zama na rayuwarta: saƙon banki, katin rigakafin yara, takardar magani, lissafin adashinku. A kawo wayar kanta a aji, kowace ta nemo suna a jerin lambobi, ta karanta adadin kuɗin da ya shigo. Ana kuma buɗe aji dab da azumi ko farkon shuka, a yi mako uku a watse. Ku fara bayan Sallah, ku sa hutun azumi da na biki a cikin tsari tun farko. Sai alawus ɗin malama: in ya tsaya, aji ya tsaya. Ku yanke wani ɗan abu daga adashi ya zama madogara ko da na gwamnati ya yi jinkiri. Haka kuma a sanar da mazaje tun kafin a fara, ta bakin mai unguwa ko liman, a gaya musu rana da lokaci da cewa mace ce ke koyarwa.

Kuma duk wadda ta gama matakin farko a yi mata katin laburare nan take, ta riƙa aron gajerun littattafan Hausa. Karatun da ba a ci gaba da shi ba yana gudu cikin 'yan watanni.

Tambaya: Na yi ritaya, ina da shekara 68. Duk abin da nake ji na yara ne da matasa. Sannan mahaifina ya bar mini gafaka uku na takardun ajami da Larabci, gara ta fara taɓa ɗaya. Laburare na da abin da zai yi mini?
Daga wani dattijo a Sakkwato

Amsa: Baba, ranka ya daɗe, mu fara da takardun, domin gara ba ta jira. Yau ɗin nan a ɗauke gafakar da ta taɓu a raba ta da sauran. A sauke su duka daga jikin bango da ƙasa, a ɗora a kan kanta, ta ƙarfe in da hali, aƙalla taƙi ɗaya daga ƙasa, a ɗakin da iska ke ratsawa kuma rufinsa ba ya yoyo. A buɗe a inuwa, a share ƙura da burushi mai laushi daga tsakiyar shafi zuwa baki. Kada a shanya a rana, takarda za ta bushe ta karye. Kada a fesa maganin ƙwari ko kananzir a kansu, yana ɓata tawada, yana kuma cutar da mai buɗewa. Kada a manna salatif a inda ya yage, domin bayan 'yan shekaru gam ɗin yakan ratsa takardar ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Kada kuma a yarda wani mai shago ya rufe su da roba mai zafi, wannan ba a warware shi. Tawadarmu ta gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, ruwa kaɗan ke narkar da ita, don haka ko danshin hannu a kiyaye.

Tun da irin waɗannan takardu ba a ɗinke suke ba, babban haɗari shi ne hargitsewar shafuka. A duba ƙasan kowace takarda, galibi marubuci yakan rubuta kalmar farko ta takarda mai zuwa a can, da ita ake mai da tsari. Bayan an jera, a sa lamba da fensir a kusurwa, ba da biro ba. Sannan a ɗauki hoton kowane shafi da waya a hasken rana na inuwa, wayar a saitin sama daidai, ba tare da walƙiyarta ba, a ajiye kwafi a wuri biyu. Ku a Sakkwato kuna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, a Kaduna kuma akwai Gidan Arewa, duka suna da masu aikin rubuce-rubucen hannu. Ana iya neman shawararsu ba tare da an rabu da takardun ba. In za a ba da aro ko ajiya, a yi a rubuce, da adadin takardu da sa hannun shaidu.

Game da shirin dattawa kuwa, mafi sauƙinsa teburin jarida ne da safe, da wanda zai karanta da ƙarfi ga waɗanda ido ya yi wa rauni. Amma wanda muka fi so a yi shi ne zaman tarihin baka. Sau ɗaya a wata dattijo ɗaya ya zauna da ɗalibai kamar goma, a kan batu guda tak: yadda aka yi jima a unguwarsu, ko yadda aka yi fatauci kafin kwalta, ko tarihin wata ƙofa. A ɗauki murya da waya, minti 45, a ajiye ta kusa da bakinsa a kan matashi, a kashe fanka. A farkon ɗauka a faɗi suna da rana da wuri, da yardarsa a ajiye. In batu ya yi faɗi, kamar "ba mu tarihin garin nan," sai a tashi ba a kama komai ba. Baba, kai ne ya kamata ka kai wa laburaren wannan shawara, kuma ka zama na farkon zama.

Tambaya: Ƙanena makaho ne, yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Laburare na da amfani a gare shi?
Daga wata ɗaliba a Zariya

Amsa: Yana da shi, 'yar'uwa. Ki tambaya ko suna da littattafan rubutun makafi mai ɗigo shida. Ko babu, wayar Android tana da manhajar TalkBack a ciki, mai karanta rubutu da murya, akwai kuma manhajar NVDA ta kwamfuta, kyauta ce, tana karanta abin da ke kan allo. Sun fi ƙwarewa a Turanci, shi ya sa littattafan Hausa sai an sami masu sa kai su karanta a ɗauki murya. A raba ɗaukar babi-babi, kowane kada ya wuce minti 20, mai karatu ya faɗi lambar shafi duk inda ya juya domin yaron ya iya bin malaminsa a aji. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta ba da damar mai da littattafai zuwa sigar da makafi za su iya amfani da ita, don haka kada ma'aikaci ya ji tsoron haƙƙin mallaka muddin don makafi aka yi, ba don sayarwa ba. A zaman labari kuma a zaunar da shi tare da sauran yara, mai karatu ya riƙa faɗin abin da ke cikin hoto.

Tambaya: Garinmu ba laburare, mafi kusa sai an yi tafiyar awa biyu. Mu ƙungiyar matasa muna so mu fara wani abu. Daga ina za mu kama?
Daga sakataren wata ƙungiya a karkarar Maraɗi

Amsa: Malam, kada ku fara da gini. Ƙungiyoyi da yawa sun ƙarar da kuɗinsu a bulo da kwano, aka buɗe da biki, bayan shekara ɗaya ɗakin ya koma ma'ajiyar buhuna. Ku fara da mutum, da rana, da akwati. Ku a Nijar kuna da misali a cibiyoyin karatu da al'adu da ake kira CLAC, tsarin da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fara a 1986 don garuruwan karkara. Ƙarfinsu shi ne ba littattafai kawai suke ajiyewa ba, akwai jaridu da wasanni da tarukan al'adu, kuma garin ne ke ba da ɗaki da mai kula.

Akwatin ƙarfe ɗaya mai kwaɗo yana ɗaukar ƙananan littattafai 120 zuwa 150. Rabinsu su zama na yara masu hoto, kashi ɗaya cikin huɗu labaran Hausa da na addini da na sana'a irin noma da kiwo da lafiya, sauran na ɗalibai da ƙamus biyu. Ku nemi aron aji a makaranta ko zauren mai gari, kwana biyu a mako, ɗaya ta zama ranar da ba kasuwa ba. Kowane littafi a buga masa hatimi a shafin farko da wani shafi na ciki da kuka zaɓa, a ba shi lamba, a rubuta a babban littafin rajista. Wata uku na farko a karanta a wurin kawai, kada a ba da aro sai kun san masu zuwa. Bayan nan littafi ɗaya ga mutum ɗaya na mako biyu, yaro kuma da sa hannun babba. Za a yi asara, ku sa ran haka. Tara mai tsanani ba ta dawo da littafi, sai ma ta sa yaro ya ɓuya. Ranar yafiya sau ɗaya a zango, a kawo ba tambaya, ta fi dawo da su.

Ba kowace kyauta ake karɓa ba. Za a kawo muku tsofaffin littattafan jami'a da na kwamfuta da zamaninsu ya wuce, su cika akwati ba mai buɗewa. Ku rubuta jerin abin da kuke so ku ba masu niyya, ku roƙi kuɗin sayen na Hausa a Maraɗi ko Kano. Littafin da ya taɓa jiƙewa ya yi fumfuna kada ya shiga cikin sauran. Da rani ƙura ce abokiyar gaba, a rufe akwati a share duk mako. Da damina danshi ne, a ɗora akwatin a kan bulo, a riƙa buɗe shi ya sha iska. Tsari kuma kada ku wahalar da kanku da lambobin manyan laburare. Fenti kala huɗu a ƙashin bayan littafi ya isa: ja na ƙananan yara, kore na labarai, shuɗi na makaranta, rawaya na manya.

Ku sa dara da ludo a gefe don jan samari, amma a waje, kuma bayan an yi rabin awa na karatu. 'Yan mata a ware musu ranarsu da mace mai kula, in ba haka ba wurin zai zama na maza zalla ba tare da kowa ya yi niyya ba. Mai kula ya zama mutum biyu, domin ranar da ɗaya ya tafi cin rani kada makulli ya tafi da shi. Ranaku uku a shekara sun isa taro: 23 ga Afrilu ranar littafi ta duniya, 26 ga Agusta ranar Hausa, da 8 ga Satumba ranar yaƙi da jahilci. A gayyaci iyaye su ji 'ya'yansu suna karatu da ƙarfi, a karanta musu adadin waɗanda suka zo da littattafan da aka ara daga littafin rajista. Wannan rajistar ce za ku kai wa magajin gari ranar da za ku nemi ɗaki na dindindin.

Tambaya: Na rubuta littafin Hausa, ina so in gabatar da shi a laburare. Me ake bukata?
Daga wata marubuciya a Kaduna

Amsa: Malama, barka da ƙoƙari. Kafin bugu ki nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Laburaren Ƙasa, wanda aka kafa da dokar 1964, yana kuma da reshe a Kaduna. Bayan bugu doka ta ce mawallafi mai zaman kansa ya kai musu kwafi uku, gwamnatin jiha 10, ta tarayya 25. Zauren taro kuwa a hukumar laburaren jiha ake nema, a rubuce, aƙalla mako uku kafin ranar, ki tambaya ko kuɗin zaure ya haɗa da janareta da lasifika. Karatun da za ki yi daga littafin kada ya wuce minti 15, ki bar rabin awa na tambayoyi, ki gayyaci aji ɗaya daga makarantar 'yan mata da ke kusa tare da malamarsu ta Hausa. Ki bar wa laburaren kwafi biyu, ki tsaya har a buga musu hatimi a shigar da su rajista a gabanki.